Wa Zai Amsa Addu'a a Cikin Gem?

A watan Yunin 2020 masu PUBG Mobile suka ƙara wani sabon salo a wasan. An kakkafa gumaka a cikin dajin Sanhok. Idan aka harbi ɗan wasa jininsa ya yi ƙasa, sai ya ruga gaban gunki ya rusuna, nan take jinin ya dawo ko ya sami kayan faɗa. Malamai a Kuwait da Saudiyya suka yi ca a kan abin, matasa Musulmi da dama suka goge wasan daga wayoyinsu, kamfanin ya nemi afuwa ya cire shi. Rusunawa ga gunki ce ta tayar da hankalin jama'a, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ba a cika magana a kai ba: ibadar da aka nuna a wurin hannu da hannu take biya. Ka durƙusa, a cika maka jini. Da a ce sun tumɓuke gunkin sun gina masallaci a gurbinsa, suka bar sauran tsarin yadda yake, na tabbata da yawancinmu mun yi shiru, wasu ma har su yaba. Alhali ɓarnar tana nan, ɓuya kawai ta yi.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na zauna na yi wa maganar tunani sosai. Yana karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talatar Mafara, kuma shi da abokansa sun ƙudura sai sun haɗa gem irin namu, mai rawani da jakuna da kuka da tsamiya. Jaruminsu ɗan fatake ne a zamanin da, wanda ya taso daga Mafara, zai ƙetare Gulbin Sakkwato ya kutsa dajin Sububu neman ƙanensa da aka yi wa kurciya ya shiga duniya. Ya kawo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layuka da rula, kowane asiri da gidansa. Layar zana: jarumi ya ɓace na daƙiƙa goma, ba ta sake aiki sai bayan minti biyu. Baduhu: duhu ya rufe idon abokan gaba. Sagau: hannun wanda ya ɗaga takobi ya sandare a sama. Kau-da-bara: kibiya ta kauce. Maganin ƙarfe, shashatau, guru, kambu, duk ya jera su, da kuɗin kowanne a wuri, da bokan da ake samu a wurinsa. A ƙasan shafin ya rubuta addu'a, gidajen da ke gabanta kuma fayau.

Ya ce, "Kawu, duk waɗanga na san abin da za ni rubuta ma kwamfuta. Addu'a ɗai tag gagare ni. In jarumi ya ɗaga hannu ya roƙi Allah, mi ka faruwa?"

Ban yi mamakin sauƙin da tsafi ya yi masa ba, domin asirin Bahaushe tun asali da dokokinsa ya zo. Babu bokan da zai ba ka abu bai gindaya maka sharaɗi ba: a kawo baƙin bunsuru ko jan zakara, a binne a mararraba, kada a shiga makewayi da layar, kada a ci abinci kaza. Kowane asiri da makarinsa, kowane gwani da lagonsa. Ɗan tauri ƙarfe ba ya cinsa, in ji masu abin, amma gora tana cinsa, shi ya sa mai wayo ba ya zuwa masa da wuƙa. Bori ma ya fi haka tsari. A Jangare, birnin da 'yan bori ke cewa iskoki na zaune, kowane iska da gidansa da danginsa, da kiɗan da ake kiransa da shi, da launin dabbar da ake yanka masa, da cutar da yake sakawa wadda kuma shi ne ke ɗauke ta. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da turare da kyauta ba lissafi. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da carbi. Inna ita ake jingina wa shanyewar ƙafa da hannu. Duk wanda ya san wannan tsari ya kalli jadawalin yaron nan zai ga jirgi ɗaya ya kwaso su: ka biya kaza, ka kiyaye kaza, ka sami kaza. Ciniki ne tsakanin mai buƙata da mai haja. Kwamfuta kuwa iyakar saninta ke nan, in an yi kaza a ba da kaza. Saboda haka tsafi yana shiga cikinta bai rasa komai nasa ba.

Kuma ni ba na cikin masu cewa kada a ambaci tsafi a labari. Mun tashi da tatsuniyoyin Dodo da aljanu, mun karanta Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da na Haruta da Maruta. Ba da labarin abu daban, aikata shi daban. Tambayar ita ce me labarin ya bar wa yaro a zuciya.

Turawa sun daɗe da cin karo da tambayar ɗan ƙanwata, kuma yawancinsu gajeriyar hanya suka bi. Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, wanda daga tsatsonsa yawancin irin waɗannan gem suka fito, tun farko jarumai iri uku ya ware: mayaƙi, matsafi da mai ibada. Sai dai in ka ƙura wa mai ibadar ido, matsafi ne ya sauya riga. Yana da adadin abubuwan mamakin da zai iya yi a rana, in ya ƙarar sai ya jira gobe a sake cika masa. A RuneScape, wanda ya fito a Ingila a 2001, addu'a fanni ce da ake ƙwarewa a kai. Ka binne ƙasusuwan abin da ka kashe makinka ya hau, ka kunna addu'ar kariya takobin dodo ya daina kama ka, makin yana tsiyayewa har ya ƙare, ka koma wurin bauta ka sake ɗura shi. Wannan ai maganin ƙarfe ne, suna kawai aka canza masa. Wani wasan mai suna Black & White, shi ma na 2001, ya juya abin gaba ɗaya: mai bugawa shi ne abin bauta, ƙarfinsa kuma daga bautar ƙauyawa yake zuwa, in sun yi sanyi ya raunana. Abin bautar da ke jin yunwar ibada ɗan'uwan iskan bori ne. Ba shi da alaƙa da Ubangijin da Ya wadatu ga barin bayinSa.

Wani Baturen Birtaniya, James Frazer, ya yi suna tun 1890 da littafinsa kan tsafi da addini, kuma shi ake yawan jingina wa rabe-raben cewa matsafi umarni yake bayarwa, mai addini kuwa roƙo yake yi. Amma almajirin da ya durƙusa gaban malam a zaure ya karanta tauhidi daga littattafan Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya sami abin da ya fi wannan zurfi. An koya masa cewa wuta ba ta ƙona abu da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka, tuwo ba ya ƙosarwa. Allah ne ke halittar ƙuna a daidai lokacin da wuta ta taɓa auduga, bisa al'adar da Ya gudanar, kuma in Ya so Ya saɓa ta, kamar yadda wuta ta ƙi cin Annabi Ibrahim. To in wutar da muke gani da ido ba ta da tilas a kan Allah, ina kalmomin bakina za su samo shi? Duniyar gem kuwa kishiyar wannan ce. Al'ada ce da ba ta saɓuwa. Wanda ya rubuta dokar ya rufe kwamfutarsa ya tafi ya kwanta, babu mai so ko ƙi a bayan gilashin.

Yaron ya riga ya yi tunanin hanyoyi uku kafin ya zo, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, a sa addu'a ta riƙa ci kullum: jarumi ya roƙa, jini ya dawo. Wannan ita ce ta PUBG da gunkinta. Ta mayar da addu'a injin niƙa, ka zuba dawa ka tara ƙwarya ka karɓi gari. Shi da kansa bai so ta ba.

Ta biyu, a bar wa sa'a: kwamfuta ta jefa ƙuri'a, wani lokaci a amsa wani lokaci a ƙi. Ya ce ai wannan ta fi kama da rayuwa. Daga nesa ta yi kama, amma ba ita ba ce. Musulmi bai ɗauki addu'ar da bai ga amsarta ba a matsayin jifan da ya kuskure. Hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya roƙi abin da ba saɓo ba ne ko yanke zumunci, ɗayan uku zai samu: ko a ba shi a nan, ko a ajiye masa zuwa lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganinsu. Hanawar da ta fito daga Wanda Ya san abin da ban sani ba daban take da hanawar ƙuri'a, wadda ba ta san komai ba, ba ta kuma nufin komai. In aka sa caca a mazaunin hikimar Allah, an yi maSa ƙarya ta wata fuskar.

Ta uku ita ce ta fi jan hankalinsa, kuma ita ta fi ba ni tsoro. A ɓoye wani ma'auni da zai riƙa ƙirga halin jarumi: in ya yi sadaka, ya riƙe amana, bai ci haram ba, ma'aunin ya hau, addu'arsa ta karɓu. An taɓa gwada makamancin haka. A tsohon wasan nan NetHack na 1987 akwai ɓoyayyen lissafi, wanda ya cika roƙo kusa da kusa sai abin bautarsa ya yi fushi da shi. Ba a daɗe ba masu bugawa suka tono dokar, suka gane cewa in an bar tazarar taku wajen dubu tsakanin roƙo da roƙo an tsira. Daga nan roƙon ya koma dabara. Haka na yaron nan zai zama: sati guda ya isa yaran unguwa su gano sadaka nawa ke sayen amsa ɗaya. Na san akwai hadisin matafiyin nan mai ƙura a jiki da ke ɗaga hannu alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, kuma gaskiya ne haram na toshe addu'a. Amma ba a juya maganar a ce duk wanda ba a ba shi abin da ya roƙa ba mai laifi ne. Annabi Nuhu ya roƙa wa ɗansa, ba a ba shi ba. Iblis ya roƙi jinkiri, aka ba shi. Wane ma'auni ne zai fitar da wannan sakamako? A Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin ya roƙi abu uku ga al'ummarsa: kada a hallaka ta da fari, aka ba shi; kada a hallaka ta da ambaliya, aka ba shi; kada su riƙa yaƙar junansu, aka hana shi.

Mutumin Zamfara ba ya jin wannan hadisi na ƙarshe jikinsa bai yi sanyi ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a cikin ƙaramar hukumarmu. Babu masallacin da ba a yi alƙunutu ba, babu gidan da mata ba su raba dare suna roƙo ba, kuma cikin 'yan kwanaki aka sako su. Mun gode wa Allah. Amma a ƙauyukan Maradun da Bakura da namu akwai iyayen da suka yi irin wannan roƙo, da irin waɗannan hawaye, aka sayar da gona da shanu aka kai kuɗi, gawa ma ba su gani ba. Wasu daga cikinsu sun fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. Gem da zai koya wa yaro cewa amsa gwargwadon maki take zuwa, cewa yake yi waɗannan iyaye makinsu ne bai kai ba. Ba zan so jinina ya rubuta wannan ba.

A nan dole in faɗi abin da ya fi ɗaci. Ba masu gem ne suka fara mayar da addu'a lissafi ba, mun riga su. Ka saurari yadda ake tallar laƙani a tasha da kasuwa, yanzu kuma a TikTok da WhatsApp: ayar kaza ƙafa dubu kaza, a daren kaza, da turare kaza, mujarrabi ne, ba ya tashi. Wannan "ba ya tashi" ita ce kalmar boka, ko da kuwa abin da ake karantawa Alƙur'ani ne. Ban ce ƙidaya laifi ce ba. Tasbihin bayan salla da adadinsa ya zo, ruƙiyya da ayoyi ta tabbata, kuma ƙasar nan ta san manyan malamai da suka yi rubutu a wannan fage. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu Usmanu da ya zauna a Matuzgi nan kusa da mu, ya yi talifi kan magani da asiran sunayen Allah. Shehun da kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, kuma cikin abubuwan da ya yaƙa a rubuce-rubucensa akwai yanka ga itatuwa da duwatsu da bugun ƙasa. Inda iyakar rubutun sha da hatimi da laya take, malaman ɗariƙa da na Izala sun daɗe suna ja, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abin da na tabbata babu mai ilimi a ɓangarorin biyu da zai musa shi ne cewa adadi ba ya ɗaure Allah. Mutum biyu za su iya jan wuridi ɗaya da carbi iri ɗaya, ɗaya bawa ne a bakin ƙofa, ɗaya kuma yana ganin ya biya kuɗin kaya yana jiran a miƙo masa. Bambancin a zuciya yake, wurin da kwamfuta ba ta leƙawa.

Da na ce masa to ya bar addu'a ba tare da sakamako a lissafi ba, sai ya kawo hujjar da ta tsayar da ni. Ya ce in laya tana ɓatar da jarumi, sagau yana sandarar da hannu, addu'a kuwa ba a ga ta yi komai ba, ai wasan ya koya wa yara cewa boka ke da aiki. Gaskiya ya faɗa, kuma a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Mun ga samari 'yan sa-kai sun fita da rigar layu har ba a ganin yadin, an ba su maganin bindiga sun sha sun yi wanka, an dawo da su a kan amalanke. 'Yan bindigar da ke cikin dajin ma da nasu layun. Bokan da ya sayar wa wannan shi ne ko ɗan'uwansa ya sayar wa wancan. Manzon Allah kuwa sulke biyu ya haɗa ranar Uhudu, kuma duk da haka an ji masa rauni a fuska an karya masa haƙori. Wanda ya fi kowa karɓuwar addu'a bai fita da alkawarin ƙarfe ba zai taɓa shi ba.

Amsar da na ba shi ta shafi tsafin ne fiye da addu'ar. Na ce kuskuren jadawalinsa shi ne ya rubuta farashin asiri da kuɗi kawai, alhali ko a bakin masu abin ba a nan farashin yake ƙarewa ba. Iska in ya ba ka, zai dawo neman jini. Bana kaza, baɗi akuya, wata shekarar abin da ba za ka iya bayarwa ba. To ya rubuta haka. Duk lokacin da jarumi ya yi amfani da layar zana, bashi ya hau kansa. Sharuɗɗa su riƙa ƙaruwa har su hana shi cin abinci a gidan da ya sauka, su hana shi kwana cikin ayari. Mutanen gari su fara ja da baya, mai masauki ya rufe ƙofa, yara su daina gaishe shi. Kuma a gina wasan yadda za a iya kai ƙarshensa ba a taɓa zuwa wurin boka ba, da sanin daji, da abokan tafiya, da sulke da haƙuri, ko da hanyar ta fi tsawo da wuya. Wannan duk yana cikin ikon mai rubuta gem, domin shi ya ƙagi bokan da iskan, yana da damar yanke musu hali.

Addu'a kuwa ya nuna ta yadda mutane ke yinta, ya tsaya a nan. Ayari ya sauke kaya in rana ta faɗi, madugu ya yi taimama in babu ruwa. Uwar jarumi ta dafa kansa ta sa masa albarka kafin ya fita. Jarumi ya iya tsayawa ya ɗaga hannu a duk inda mai bugawa ya so, lokaci ya ci gaba da tafiya, kada wani haske ya sauko, kada wata lamba ta motsa. In daga baya ya tsira, mai bugawa ya fassara da kansa, in bai tsira ba haka nan, kamar yadda kowannenmu yake yi da rayuwarsa. Ɓangaren bawa shi ne abin da ɗan Adam ya sani, shi zai iya zanawa. Ɓangaren amsa ba nasa ba ne, kuma duk dokar da ya rubuta a wurin, ya zauna ne a mazaunin da bai kamace shi ba.

Na kuma gargaɗe shi kada ya sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a matsayin makami ko ado. A 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet daga shaguna ana gab da fara sayarwa, saboda wata waƙar makaɗin Mali Toumani Diabaté da aka sa a ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. In baƙi sun yi wannan taka-tsantsan, ɗan Mafara ya fi cancanta da shi. Wayar da ake buga gem da ita tana shiga ko'ina, kuma abin da ake latsawa sau ɗari a rana don a kashe dodo ba ya daɗewa da kwarjininsa.

Abu ɗaya muka rabu ba mu daidaita a kai ba. Na ce ranar da asirin jarumi zai karye, kada wasan ya yi masa gargaɗi. Ya shiga faɗa da gurunsa a ƙugu yana taƙama, takobi ya ratsa shi. Yaron ya ce wannan ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsu, domin mai bugawa yana son dokar da zai dogara da ita, in aka yaudare shi zai yi fushi ya goge wasan. Na san haka masu sana'ar ke koyarwa, kuma a kan takobi da kibiya da gudun doki na yarda da su, dokar ta tsaya daram. Amma a kan abin da aka karɓo daga hannun boka ban yarda ba. Samarin da aka dawo da su a amalanke babu wanda ya yi musu gargaɗi, kuma ƙannensu ne za su buga wannan wasa.